Dashen Haya a Tungan Mamudu

Litinin, 3 ga Fabrairu, bayan la'asar

Ba ni ce zan tafi ba.

Darakta ya kira ni ofishinsa da hantsi, ya sa aka kawo min ruwan sanyi. Tun da na kama aiki a ma'aikatar nan Alhaji Ndaliman bai taɓa ba ni ruwa ba, saboda haka tun kafin ya buɗe baki na san an gama da ni. Ya ce, "Hajiya Sa'adiya, kin san kwas ɗin nan na Holan, gurbi ɗaya suka ba jiharmu. An zauna an duba, an ga bara shiyyarku ce ta tafi. Bana dole a juya."

Wanda ya tafi bara ko fuskarsa ban sani ba. Daga wata ma'aikata yake, kuma kiwon kifi ya je koyo. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai aikin Tungan Mamudu aka tura musu, a kansa suka ba da gurbin." Ya ce aikin gwamnati ne, ba na mutum ɗaya ba. Ya ce in sha ruwana.

Kwas ne na mako shida kan ci gaba mai ɗorewa, ana haɗa jami'an gwamnati da na diflomasiyya daga ƙasa ƙasa, kowa ya zo da aikin da ya yi da hannunsa ya yi bayani. Aikin da na yi da hannuna shi ne tudun nan na Tungan Mamudu, can bayan Gwada, inda zaizaya ke cinye gonakin doya. Shekara uku ina dasa mangwaro da kashu da darbejiya tare da matan ƙauyen. Na yi baƙi, na yi zazzaɓi, na kashe takalma.

Zakiyyu ne zai je ya yi bayaninsa. Zakiyyun da ya zo mana hidimar ƙasa da wando ɗaya, na koya masa inda ake sa kwanan wata a rahoto. Na rubuta sunansa yau don tarihi. Daga gobe Mai Tafiya ne sunansa a wurina.

Talata, 4 ga Fabrairu, da azahar

Na gaishe shi. Har da "Allah ya sanya alheri". Bakina bai karye ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da yamma

Ya zo teburina yana sosa ƙeya. "Anti, don Allah hotunan nan naki na wurin dashe, ki tura min. Wallahi ni ma ban nema ba, daga sama kawai na ji." Na ce ai haka alheri yake, daga sama yake faɗowa a kan wanda ya iya tsayawa a daidai wurin. Ya yi dariya, ya ɗauka yabo ne. Sai ya tambaye ni wai Tungan Mamudu kafin Gwada take ko bayanta.

Na tura masa hotunan. A cikin kowanne ina ciki, ya zauna ya yanke ni ɗaya bayan ɗaya. A wani an bar gefen mayafina.

Aliyu ya ce in bar wa Allah. Haka mijina yake, ko ɓarawo ya kama a ɗaki sai ya tambaye shi ko ya ci abinci. Na ce na bar wa Allah, amma zan tsaya kusa ina kallo.

Ban je gidanmu a Limawa ba. Inna ta riga ta raba wainar sadaka tun wancan mako, duk layin sun san 'yarta za ta Turai.

Litinin, 10 ga Fabrairu, da hantsi

Allah mai iko. Masu kwas sun ce kafin su tabbatar da kowa sai wakiliyarsu ta ga aikin da idonta. Wata Madam Patricia ce daga ofishinsu na Abuja, za ta zo ran Alhamis ta sama.

Da aka karanta saƙon na kalli Mai Tafiya, goshinsa har yana ƙyalli. Na san dalili. Ƙasan tudun itatuwanmu sun kama, wasu sun fi ni tsawo. Saman tudun kuwa awaki sun cinye rabi, gobarar daji ta ƙarasa sauran, fili ne fetal. Ni na rubuta haka a rahotona, don abin da ya mutu ma darasi ne. Shi da ya karɓa ya ga ba ta yi masa kyau ba, ya cire wannan shafin, ya rubuta cewa tudun ya zama kore shar daga sama har ƙasa.

To ga mai zuwa ganin kore shar.

Laraba, 12 ga Fabrairu, bayan an tashi aiki

An yi taro. Mai Tafiya ya yi ta Turanci ba kai ba gindi, Darakta ya bar shi ya gaji, sannan ya ce, "A kira Mudi."

Duk wanda ya yi shekara a ma'aikatar nan ya san ma'anar a kira Mudi. Mudi mai lambu ne a bakin kogin Chanchaga, yana renon dashe a baƙar leda. In babban baƙo zai zo, sai a ɗauko hayar dashensa, a haƙa rami, a binne su da ledarsu a rufe baki da ƙasa. Baƙo ya zo ya ɗauki hoto ya tafi, washegari a tumɓuke a mayar wa Mudi kayansa. Akwai mangwaron da ya fi ni yawon jihar nan, an ƙaddamar da shi a wurare da yawa.

Ban taɓa yarda an kai wannan abu Tungan Mamudu ba, kowa ya sani. Shi ya sa da Darakta ya faɗa, duk ɗakin suka juyo suna jiran in tashi da faɗa. Shi kansa ya gyara zama.

Na ce, "Duk yadda kuka gani, ranka ya daɗe."

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce shi ya sa yake son aiki da manyan mata masu hankali. Ya ce tunda matan ƙauyen sun saba da ni, ni zan yi tafinta tsakaninsu da baƙuwa, in tsaya kusa da ita duk inda ta sa ƙafa.

Duk inda ta sa ƙafa. Na fito ina jin sanyi a ƙirjina, irin wanda ban ji ba tun ranar ruwan sanyi.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, bayan an sauko masallaci

Ba zan yi ihu ba, ba zan kai ƙarar kowa ba. Ba zan ma taɓa ko ganye ɗaya ba. Baƙuwar da kanta za ta taɓa.

Ina son in ga fuskar Mai Tafiya. Ba na son a kore shi, ba na son a ɗaure shi, fuskar kawai nake so, lokacin da ledar za ta fito a gaban Darakta da mai gari da 'yan jarida. Ina so a juyo a tambaya waye ya san wurin nan da gaske, a rasa mai amsawa sai ni. Ina so ya faɗa da bakinsa cewa aikina ne.

Na ci tuwo malmala biyu yau. Aliyu ya ce alhamdulillahi na haƙura.

Asabar, 15 ga Fabrairu, da safe

Na bi ta Chanchaga kamar hanya ce ta kawo ni. Ana loda dashen a mota. Mudi ya zaɓo masu kyau, ganye sai sheƙi. Ya gan ni ya taso da gudu. "Hajiya, gara da na gan ki. Don Allah ki gaya wa yaranku kar a yaga min leda. Kuma ruwa safe da yamma, ranar nan ba ta wasa, dashen leda ba ya jure ƙishi. In suka bushe ba ni karɓa."

Na ce ba ni ke riƙe da aikin ba yanzu, ya gaya wa mai shi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, da la'asar

An binne su yau da safe. Dabarar Mai Tafiya ce a yi ran Lahadi, lokacin da matan ke coci, da leburorin da aka ɗebo daga Gwada, don kar a samu mai surutu. Yaron ya fara koyon aiki.

Hadassah ta kira. Ita ce shugabar matan, tare muka haƙa ramin farko a tudun nan. Ban ɗauka ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu, da azahar

Direban ofis ya dawo daga can yana ba da labari a bakin ƙofa. Wai matan sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu suna ban ruwa safe da yamma. Rafin ya ƙafe, sai sun tona yashi suke samu, su ɗauko a kafaɗa kamar yadda suka saba su hau tudu da shi. Wai har waƙa suke yi.

'Yan kwanaki ne kawai.

Hadassah ta kira sau biyu. Wayar tana cikin jaka.

Talata, 18 ga Fabrairu, da yamma

Mai Tafiya ya sayo rigar sanyi a gwanjo, ya kawo ofis ya gwada mana a cikin wannan zafi. Ya yi kama da buhun gawayi. 'Yan matan ɗakin buga takardu suna ta ba shi sautu, wannan turare, waccan jaka. Ya juyo ya ce, "Anti, ke me zan kawo miki?" Na ce ya dawo lafiya kawai.

Yana haddace jawabinsa a baranda, ina jin kalmomina suna fita daga bakinsa a karkace. Inda na rubuta cewa matan ne suka zaɓi kashu don sun san ƙasarsu, ya mayar wai shi ya wayar musu da kai.

Hadassah ta sake kira.

Laraba, 19 ga Fabrairu, bayan magariba

Na goge atamfata mai ruwan ganye. Na maimaita maganar a gaban madubi har ta zauna a bakina kamar gaisuwa: Madam, taɓa ƙasar gindin nan ki ji laushinta, takin gargajiya ne.

Ko a gaban alƙali ba wanda zai ce na faɗi wani abu.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da yamma

Bari in rubuta shi yadda ya faru, tiryan-tiryan.

Mun tashi da motoci uku da rakiyar 'yan sanda. Madam Patricia gajeruwa ce mai furfura, ta sa takalmin shiga gona, ba ta da yawan dariya. Tun a mota na ga ba irin baƙin da ake rufe wa ido da lemo da kaza ba ce, na ji daɗi.

An kafa rumfa, an kawo makiɗa. Matan sun yi anko. Hadassah ta rungume ni ta ce, "Madam, ka ɓuya! Na kira ka, na kira ka." Haka Hausarta take, kowa namiji ne a bakinta. Na ce ayyuka ne suka yi yawa, na zame jikina. Na ga ta rame, na kau da kai.

Aka fara daga ƙasan tudu. Nan baƙuwar ta tsaya sosai, ta shafa bawon mangwaro, ta tambayi yadda aka hana awaki. Mai Tafiya ya fara kame-kame, matan suka amsa, na fassara. Da a nan aka tsaya da ta tafi da murna, na ga haka a fuskarta. Amma Darakta ya ce ai ba ta ga komai ba, a hau sama.

Saman tudu ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Layi layi, kore shar, ƙasar gindin kowanne a jiƙe. Mai Tafiya ya buɗe hannuwa kamar gonar ubansa. Ta tsaya tana kallo, ta ce abin mamaki ne dashe ƙanana su yi wannan kyau a tsakiyar rani.

Na ce, "Madam, taɓa ƙasar gindin nan ki ji laushinta, takin gargajiya ne." Na nuna mata da hannu.

Ta durƙusa. Ta sa yatsa. Na ga yatsan ya tsaya. Ta share ƙasar a hankali, baƙar leda ta leƙo. Ta kama gindin ta ɗaga, ya taso gaba ɗayansa ba gardama, kamar an ɗauko kofi daga tire. Ta ajiye, ta matsa ta ɗaga na kusa da shi. Ta ɗaga na gaba. Makiɗa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Na kalli fuskar Mai Tafiya. Na samu abin da na zo nema. Hularsa ta karkace, gumi har cikin ido. Wallahi na ji daɗi, ba zan yi wa takarda ƙarya ba. Na ji kamar an sauke min dutse.

Ta miƙe ta kakkaɓe hannu, ta ce, "Wa ke kula da wurin nan?"

Mai Tafiya ya dafa ƙirji. Ya ce, "Madam, ni ba zan ci haƙƙin kowa ba. Wannan aikin Hajiya Sa'adiya ne. Shekara uku ita ke riƙe da shi, ba a dasa ko tsinke a nan sai da saninta. Ni daga ofis nake, abin da aka kawo min nake rubutawa."

Darakta ya gyaɗa kai a hankali, kamar mai jimami.

Na ce ba haka ba ne. Na fara bayani, muryata ta yi sama. Ta ɗaga min hannu, ta juya wurin matan, ta nuna dashen da ke kwance, ta tambayi Hadassah da ƙaramar Hausar da ta iya, "Wa ya kawo?"

Hadassah tana kallon ledar, ba ta gane abin da take gani ba tukuna. Ta ce, "Madam Sa'adiya. Leburori sun ce shi ya aiko mana."

Wannan ba ta buƙaci tafinta ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, da safe

Ya faɗa da bakinsa, a gaban kowa. Abin da na roƙa ke nan.

Litinin, 24 ga Fabrairu, da azahar

Takardar tuhuma. In yi bayanin dalilin da ya sa na zubar da mutuncin ma'aikata a gaban baƙi.

Na shiga wurin Darakta ba sallama. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce a kira Mudi." Ya ce, "Ni? A wane taro?" Na ce na ran Laraba. Ya ce abin da ya tuna a taron nan shi ne an tambayi mai wurin, ta ce duk yadda aka gani. Ya rage murya ya ce, "Hajiya, shekara nawa muna wannan abu ba wanda ya taɓa durƙusawa? Wa ya ce ta taɓa ƙasa?"

Yau bai ba ni ruwa ba.

Zan rubuta amsa. Zan sa sunan kowa, da direba, da Mudi, da wanda ya ɗebo leburori. Sai dai duk wanda na lissafa yana da 'ya'ya da albashi, kuma tun safe ba wanda ya haɗa ido da ni.

Talata, 25 ga Fabrairu, bayan la'asar

Rahoton Madam Patricia ya iso. Ta yaba da ƙasan tudu. Ta ce abin da ya faru a sama rauni ne na masu aikin fili, kuma irin wannan rauni ne kwas ɗin ke koya wa jami'ai su toshe. Ta yaba wa jami'in da ya faɗi gaskiya a lokaci mai wuya.

An tabbatar da Mai Tafiya. Mako mai zuwa zai je Abuja neman biza.

Ya zo teburina ya tsaya. "Anti, ki yafe ni, ruɗewa na yi." Na ce Allah ya kai shi, Allah ya sa sanyin can ya shige masa ƙashi. Ya ce amin kafin ya ji ƙarshen.

Ban gama da shi ba. Zai dawo ai.

Laraba, 26 ga Fabrairu, da hantsi

An ɗauke ni daga Tungan Mamudu. An mayar da ni ɗakin ajiye fayil, wai kafin a gama bincike.

Direba ya ce tun ran Juma'a motar Mudi ta je ta kwashe kayanta. Matan na tsaye suna kallo. Ba a ko cike ramukan ba.

Wayata shiru tun ranar. Na duba ko ta lalace.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, da yamma

Na shiga motar haya zuwa Gwada, na hau acaɓa zuwa ƙauyen. Na shirya maganata tun daga gida. Zan gaya wa Hadassah yadda aka ƙwace min gurbi, yadda aka yanke ni daga hotuna, yadda aka yi ƙarya da sunana. Na san in ta ji za ta tsine masa tare da ni, kuma ina buƙatar mai taya ni.

Na same ta a ƙasan tudu da tulu, wurin tsofaffin itatuwanmu. Ta sauke. Kafaɗarta ta saɓule, an shafa mata man kaɗanya a kan ciwon. Ba ta rungume ni ba.

Na fara. Ta bar ni na yi nisa, sannan ta ce, "Madam, ranar nan na ga hannunka. Kai ka nuna wa baƙo wurin. Ka san leda yana ciki."

Na ce na sani, amma ba ni na sa ba.

"Tun yaushe ka sani?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Mun tona yashi har hannu ya fashe. Akwai mai ciki a cikinmu, na ce ya zauna, ya ce a'a, Madam ya aiko, kar mu ba shi kunya. Na kira ka in ce mun gode. Da ka ɗauka ka ce, Hadassah, ku huta, wannan na haya ne, shi ke nan."

Na ce, "Hadassah, Zakiyyu ne ya shirya duk wannan. Zakiyyu ne."

Ta ce, "Shi ba mu san shi ba, Madam. Kai muka sani."

Ta ɗora tulunta a ɗayar kafaɗar, ta wuce wurin mangwaron gaba. Na tsaya ina jira ta ce in riƙe mata wani abu, ba ta ce ba.